GARGAƊI GA SAMARI A KAN GAYU DA TARUKAN DA KE RAYA SHI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya fito da ɗan Adam duniya tsirara sannan Ya suturta shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi hanyarsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana saurayi Musulmi, ko a nan Malisa kake, ko Gwandu, ko Kalgo, ko duk inda wannan ɗan littafi ya same ka, ina yi maka sallama irin ta Musulunci. Ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

DALILIN WANNAN NASIHA

Wata rana mun idar da sallar Isha'i, jama'a na watsewa, sai wani dattijo ya riƙe mini hannun riga. Ya ce an yi bikin aure a unguwarsu. Da la'asar sai ga samari da 'yan mata sun fito cikin tsummoki. Wani ya sa riga mai faci, wani ya ɗaure wando da igiya, wani ya shafa gawayi a haƙora ya rataya gora ya saɓa hauya, suna ta tsalle gaban lasifika ana ɗaukarsu da waya. Da ya tambaya aka ce masa ai ranar ƙauyawa ce. Sai dattijon nan ya dube ni ya ce: "Malam, ɗiyan ga, wa su ka yi ma dariya? Rigar da gudansu yas sanya, irinta nika zuwa gona da ita."

Wallahi na rasa abin da zan ce masa. Na kwana ina juya maganar. Sai na ga cewa mu masu wa'azi mun daɗe muna faɗa da wando, muna faɗa da aski, muna sassabe ganye mun bar saiwa. Saiwar gayu kuwa ita ce taro. Wannan shi ne abin da nake so in nuna maka.

MUSULUNCI BAI HANA ADO BA

Kada wani ya ce Malam ya hana tsafta da kwalliya. A'a. A cikin Suratul A'arafi, aya ta 26, Allah Ya gaya mana Ya saukar da tufa domin rufe al'aura da kuma domin ado, sannan Ya ce tufar taƙawa ita ta fi. A aya ta 31 da ta 32 Ya umarce mu da yin ado idan za mu sallah, Ya hana ɓarna, Ya kuma yi inkari ga mai haramta adon da Ya halitta wa bayinSa. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa wani mutum ya tambayi Annabi (S.A.W.) game da son kyakkyawar riga da kyakkyawan takalmi, Annabi ya nuna masa wannan ba girman kai ba ne, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane.

To ka riƙe wannan kalma ta ƙarshe, raina mutane, domin za mu dawo kanta.

Abin da nake kira gayu a nan shi ne shigar da wasu samari suka keɓanta da ita don a bambanta su da sauran jama'a: askin da aka kwashe gefe aka bar tsakiya, wandon da aka yayyage da gangan ko aka zazzago shi ƙasa da ƙugu, sarƙa a wuya, ko kuma shaddar da ta fi ƙarfin aljihu, da ankon da ba ya ƙarewa. Suna da sunayensu, suna da yarensu, suna da manyansu da ƙananansu. Jama'a ce a cikin jama'a.

GAYU BA YA TSAYUWA SAI DA TARO

Ina tambayarka, ka ba ni amsa tsakaninka da Allah. Ka taɓa ganin wanda ya ɗinka gezna, ya kafa hula, ya fesa turare, sannan ya shiga ɗaki ya kulle ƙofa ya zauna shi kaɗai? Ba ka taɓa gani ba, ba kuwa za ka gani ba. Shekarar ɗan gayu lissafe take da taruka: Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah, bukukuwan aure na bayan kaka, suna, kilisa, fati. Cire waɗannan ranaku ka ga ko gayu zai yi wata uku.

Dubi yadda Alƙur'ani ya ba da labarin Ƙaruna a Suratul Ƙasasi, daga aya ta 79. Bai tsaya ga cewa Ƙaruna yana da kayan ado ba, sai da ya ambaci cewa ya fito da adon nan gaban mutanensa. Nan take masu son duniya suka fara burin ina ma su ne. Fitowar ita ce fitinar.

Taro yana yi wa gayu aiki huɗu.

Na farko, taro makaranta ce. Ba wanda uwarsa ta haife shi da sanin sabon ɗinki. A majalisa ake koyo: bakin shagon tela, wajen mai aski, teburin mai shayi, rumfar mai cajin waya. Wanda ya tafi cin rani Legas ko Abuja ya dawo Sallah, ɗalibin da ya dawo hutu daga Birnin Kebbi ko Sakkwato, su ne malamai. Ba allo ba tawada, amma karatun ya fi shiga kai. Hausawa suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Na biyu, taro ma'auni ne. A can ake auna kowa. Abokinka zai kama hannun rigarka kamar wasa, alhali murza yadin yake yi ya ji ko gezna ce ta gaske wadda ake saƙawa a ƙasar Ostiriya, ko kuwa mai kama da ita ce. Tunda kuma aka shigo da hoton waya, rigar da ka sa a bikin wane ta mutu, ba ka iya maimaita ta a bikin wane. Daga nan bashi ke shigowa. Saurayi ya yi wata biyu yana kabu-kabu cikin rana da ƙura, ya kwashe kuɗin ya kai wa mai yadi. Wani ya sayar da tunkiyar da uwarsa ta ba shi kiwo. Wani ya taɓa buhun shinkafar da aka ajiye don damina. Duk saboda yammaci ɗaya.

Na uku, taro kotu ce, bulalarta kuwa dariya. Ba a kai kowa kurkuku, amma a kira ka bagidaje sau ɗaya gaban 'yan mata, sai ka gwammace ka ci bashi da a sake. Samari da yawa da kake gani cikin wannan shiga, wallahi ba sonta suke yi ba, tsoron bakin abokai ne.

Na huɗu, kuma a nan nake son 'yan'uwana masu wa'azi su saurara, taro gida ne. Yaron da ba shi da aiki, ba shi da gona tasa, a gida ba a tambayar ra'ayinsa, a masallaci ana hararar askinsa, idan ya je majalisa sai a tashi a ba shi wuri, a kira shi da laƙabinsa. In ya yi rashin lafiya su ke zuwa dubiya. In zai yi aure su ke haɗa masa gudummawa. Wannan zumunci gaskiya ne, ba ƙarya ba. Shi ya sa tsawa daga kan mumbari ba ta raba yaro da gayu. Kana ce masa ya tuɓe riga, shi kuwa abin da yake ji shi ne ya rabu da mutanen da suka san sunansa.

A da taro yakan watse a koma gida. Yau TikTok da Facebook sun sa taron ba ya watsewa. Yana cikin aljihunka, kana kwance yana auna ka.

MISALI DAGA ƘASAR KONGO

Don kada ka zaci abin namu ne kaɗai, bari in kai ka nesa kaɗan. A biranen Kinshasa da Barazabil akwai wata jama'a da ake kira 'yan Sape. Da yawansu talakawa ne, masu ƙananan sana'o'i, amma sukan tara kuɗin watanni su sayi kwat da takalmi ɗinkin Faransa ko Italiya. A farkon shekarun 1970 Shugaba Mobutu ya hana sa kwat da laktaye irin na Turawa a ƙasarsa, amma abin bai mutu ba, domin wuraren kiɗa da mashaya inda suke haɗuwa suna nan. Mawaƙinsu Papa Wemba, wanda ya faɗi a kan dandamali ya mutu a Abijan a 2016, shi ne babban tutarsu. Wani jagoransu mai suna Stervos Niarcos ya mutu a Faransa a 1995, aka binne shi a Kinshasa, a maƙabartar wata unguwa da ake kira Gombe, ba Gomben Nijeriya ba. Mabiyansa suka mayar da ranar 10 ga Fabrairu ranar taruwa a maƙabartar, kowa ya caɓa ado, ana takun ƙasaita tsakanin kaburbura.

Subhanallahi! Wurin da ya kamata ya tuna wa mutum likkafani, nan aka mayar wurin nuna kwat. Kada ka yi musu dariya, ɗan'uwa. Ka dubi yadda taro ke iya kai mai hankali inda shi kaɗai ba zai taɓa zuwa ba.

RANAR ƘAUYAWA

Mu dawo gida ga tambayar dattijo. Ranar ƙauyawa al'ada ce da ta yaɗu daga birane, inda abokan ango da ƙawayen amarya ke ware yini guda cikin kwanakin biki su yi shigar mutanen karkara, su kira mai kiɗan DJ, a yi rawa maza da mata. A 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta ba da sanarwar hana wannan biki. Ka lura, ba tsumma suka hana ba, taron suka hana, domin sun san inda ran abin yake.

To amma kai ɗan Malisa, su wane ne ƙauyawan? Ɗan birni ya kwaikwayi ubanka don ya yi dariya, kai kuma ka kwaikwayi ɗan birni yana kwaikwayon ubanka! Rigar nan mai faci da ita aka noma geron da ya raine ka. Hauyar nan da kake rawa da ita, ita ta biya kuɗin makarantarka. A Suratul Hujurati, aya ta 11, Allah Ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, domin mai yiwuwa waɗanda ake yi wa sun fi masu yi alheri a wurinSa. In an hana ka yi wa bare, ina ga mahaifi? Ga raina mutanen da na ce ka riƙe.

Wani zai ce: "Malam, ai raya al'ada muke yi." To madalla. Mai raya al'ada yakan sa saƙi mai kyau, da malfa, da takalmin fata, ya fito da mutunci yadda kakanninsa ke fita ranar idi. Wa ya gaya maka kakanka yana shafa gawayi a haƙora? Wa ya gaya maka yana ɗaura zanen mata? Alhali Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi (S.A.W.) ya la'anci namiji mai kamanta kansa da mata da mace mai kamanta kanta da maza.

HUKUNCIN TUFAR NEMAN SUNA

Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa wanda ya sa tufar neman shahara a duniya, Allah zai sa masa tufar ƙasƙanci ranar alƙiyama. Malamai suka yi bayani cewa tufar shahara ba mai tsada kaɗai ba ce. Duk abin da mutum ya sa don a nuna shi da yatsa ya shiga ciki, ko alkyabba ce ko tsumma. Ka ga mai gezna ta bashi da mai rigar ƙauyawa sun haɗu a layi ɗaya.

Game da aski, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Umar hani a kan aske wani sashe na kai a bar wani. Al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, saboda haka wandon da ke zamewa in ka yi sujada yana iya taɓa sallarka. Zinariya da alharini haramun ne ga maza. Masu almubazzaranci kuwa, Suratul Isra'i aya ta 27 ta kira su 'yan'uwan shaiɗanu.

Bashi fa? An kawo wa Annabi (S.A.W.) gawar wani mutum da ake bi bashi, ya ƙi yi masa sallah sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Kai da tela ke bin ka kuɗin ɗinkin Sallar bara, in mutuwa ta zo daren nan, wa zai zama Abu Ƙatadanka? Abokan majalisa? Zanen aro ba ya rufe katara.

WANDA YA SAKE TARO YA SAKE RAYUWA

A Makka ba a yi saurayi mai gayu kamar Mus'abu ɗan Umairu ba. Uwarsa mai dukiya ce, tufarsa da turarensa sun zama abin magana a gari. Ba wanda ya tsare shi a hanya ya ce ya tuɓe. Majalisa ya sake, ya fara shiga gidan Arƙamu inda Annabi (S.A.W.) ke karantar da sahabbai a ɓoye. Daga nan komai ya sake. Shi aka aika Madina ya karantar da mutanenta kafin hijira. Ya yi shahada a Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, aka rasa abin da za a rufe shi sai mayafi guda, in an rufe kai ƙafa ta fito, in an rufe ƙafa kai ya fito. Yau shekara fiye da 1400 ana ambatonsa. Sauran 'yan gayun Makka kuwa, faɗa mini sunan ɗaya.

A ƙasarmu ma haka aka yi. Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Ɗegel an san su da shigarsu, maza da rawani, mata da lulluɓi. Sarkin Gobir Nafata ya ga ƙarfin abin har ya yi shelar hana rawani da lulluɓi, 'yan shekaru kafin hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Ka ga su ma suna da tufa, suna da taro. Bambancin shi ne taronsu na karatu ne, rawanin alama ce kawai ta abin da ke cikin kai.

Kuma ga wa'azi daga maƙwabcinmu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke nan Gwandu. Bayan an fara samun nasara ya ga zukatan wasu sun karkata ga manyan riguna da dawaki da neman sarauta. Abin ya dame shi har wajen 1807 ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Ya ba da labarin wannan damuwa tasa a cikin Tazyinul Waraƙati. In masu rawanin jihadi ba su tsira daga wannan cuta ba, ni da kai fa?

Saboda haka ina faɗa wa kaina da 'yan'uwana ɗalibai: mu ma muna da namu gayun. Wani yakan ɗinka sabuwar jallabiya ya yafa hirami don taron wa'azi, ya zauna sahun gaba inda kyamara ke haskawa. Wani ya ɗage wando, abin da yake sunna ne, sannan ya shiga masallaci yana auna idon sawun mutane yana raina su. Wannan ma tufar shahara ce, har ta fi haɗari, domin mai ita yana zaton lada yake samu. Allah Ya kiyashe mu da riya.

ABIN DA NAKE ROƘONKA

1. Kafin ka kai yadi wajen tela, tambayi zuciyarka: don wane taro, kuma idon wa nake nema? In ka ji kunyar amsar, mayar da kuɗinka aljihu.

2. Kada ka ci bashi don anko. Wanke wadda kake da ita, ka goge, ka je ka taya ɗan'uwanka murna. Abokin da zai yi fushi don ba ka yi anko ba, yadinka yake so.

3. In kai ne ango, kai ke da iko da bikinka. Annabi (S.A.W.) ya umarci Abdurrahman ɗan Aufu da yin walima ko da da akuya guda. Ka ciyar da mutane, ka gayyaci talaka da mai kuɗi, ka soke ranar ƙauyawa da rawar cakuɗa maza da mata. Ango ɗaya in ya tsaya, na bayansa zai sami sauƙi.

4. Ban ce ka watsar da abokanka ba. Zumuncin nan naku abu ne mai kyau, akalarsa za ku juya. Kuɗin da kuke tarawa na DJ ku mai da shi asusun jari ko na jinya. Ku yi gayya a gonar wanda ubansa ya tsufa. Ku buga ƙwallonku da yamma, in an kira Magariba ku tashi tare, ku zauna karatu zuwa Isha'i ko da hadisi ɗaya ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa Annabi (S.A.W.) ya kamanta abokin zama nagari da mai sayar da turare, mugu kuwa da mai zuga wutar maƙera. Ka zama mai turaren majalisarku.

5. Ku kuma limamai da iyaye, yaron da ya shigo masallaci da askin banza kada ku kore shi daga sahu. Ku matsa masa, ku tambayi sunansa, ku ba shi aiki ko da shimfiɗa tabarma ne. In bai sami wuri a wajenku ba, akwai inda ake ajiye masa wuri.

6. In kana cikin waɗanda suka taɓa yin shigar izgili da iyaye, ka goge hoton daga wayarka, ka je ka durƙusa gaban mahaifinka ka nemi gafara tun yana da rai.

Ya ɗan'uwana, akwai taro guda da ba wanda zai ƙi halarta. Ya tabbata a Buhari da Muslim daga Nana A'isha cewa za a tashi mutane ranar alƙiyama ba takalmi ba tufa, kuma tsananin ranar zai hana kowa duban kowa. Kafin wannan kuma akwai anko guda da dukkanmu za mu yi, farin ƙyalle, ba aljihu, ba aiki a wuya, kuma ba kai za ka zaɓi telan ba. Wannan shi ya cancanci tanadi.

Dattijon nan har yanzu yana zuwa sallah da rigarsa mai faci. Ina fatan ranar da ɗayanku zai tare shi a ƙofar masallaci ya gaishe shi, ya karɓar masa hauya.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne da Shaiɗan, ina neman gafarar Allah. Ya Allah Ka suturta mu duniya da lahira. Ka shiryi samarinmu, Ka ba su sana'a ta halal da abokai nagari da mata nagari. Ka biya wa masu bashi bashinsu. Ka ji ƙan iyayenmu kamar yadda suka raine mu muna ƙanana. Ka tufatar da mu tufar taƙawa, Ka haɗa mu a taron Annabinka a bakin tafkin Alkausara. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.